Korar Mai Kyamara Daga Ose Okwodu: Ina Ganin Akwai Gyara

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Kudu, musamman 'yan kasuwa: duk wanda ya shigo cikinsu rataye da kyamara, ba alheri ya kawo shi ba. Ko dai ɗan leƙen asiri ne da wani ya turo, ko kuwa mai neman abin da zai kai wa Turawa, ya nuna musu datti da talaucinmu su cika masa aljihu. A kasuwar Ose Okwodu da ke bakin kogin Kwara a Anacha, da wuya mutum ya ɗaga kyamara ba a ce masa “Malam, sauke abin nan” ko “Wa ya aiko ka?” ba. In an so a yi masa da sauƙi, sai wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, “Yaro, mu nan neman abinci ya kawo mu, ba ma son fitina.” Haka abin yake a Fatakwal, haka yake a Inugu.

Masu wannan magana iyayena ne da yayyena, kuma sun fi ni sanin zaman Kudu nesa ba kusa ba. Amma ina ganin hukuncin da suka yanke ya yi faɗi da yawa, har yana cutar da su ta inda ba su zata ba. Kafin in faɗi dalilina, wajibi ne in ba su gaskiyarsu, domin suna da ita.

Tsoron kyamara a ƙasarmu ba daga sama ya faɗo ba. A watan Yulin 1903, bayan yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa, masana tarihi sun rubuta cewa Turawan mulkin mallaka sun ɗauki hoton kansa da suka sare, suka riƙa zagayawa da shi garuruwan Arewa don kowa ya tabbatar an gama da shi, gwiwa ta yi sanyi. Ke nan tun farko a hannun mai bindiga muka ga kyamara. Al'ummar da aka yi wa haka ba abin zargi ba ce in ta kau da kai.

Mazaunin Anacha kuwa yana da nasa dalilin da ya fi wannan kusa. Kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966, da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, sun kwashe Hausawa daga ƙasar Gabas kusan ƙaf. Waɗanda suka dawo daga baya daga tushe suka fara. A watan Fabrairun 2006, zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Denmak ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maiduguri, aka kashe Kiristoci, da yawansu Ibo, aka ƙona majami'u. Kwanaki kaɗan bayan haka ramuwar gayya ta sauka kan Hausawan Anacha, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An kashe mutane da dama, an ƙona masallatai da rumfuna, masu sauran kwana suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. A Agustan 2021 kuma aka shigo da dokar zaman gida ta ranar Litinin, ga 'yan bindiga. A watan Mayun 2022 aka harbe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a yankin Orumba, a jihar Anambra da Anacha ke cikinta. Mutumin da ya rayu cikin waɗannan, in ya ce ba ya so a san fuskarsa da layin da rumfarsa take, hankali ya yi.

Sai kunya. Ɗan dakon da ke sauke buhunan wake, ba riga, gumi na tsiyaya, a ƙauyensu can Sakkwato ko Jigawa magidanci ne mai iyali, wataƙila ma shi ke jan salla a masallacin unguwa. Abin da gida suka sani shi ne yana Kudu yana nema. Ba ya so wata rana surukinsa ya buɗe Facebook ya gan shi a haka. Akwai kuma wanda ya ƙi hoto saboda addini. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoton kyamara, kuma wanda ya riƙi fatawar hani ba ni da ja da shi, ba kuma da shi nake ba. Batun cin kasuwa da wahalar mutane ma gaskiya ne. Mun ga yadda ake tare almajirai da robobinsu a ɗauke su ba a tambayi ko sunansu ba, hoton ya ƙare a bangon takardar neman tallafi a wata ƙasa, su kuwa ko labari ba su ji ba.

Duk na yarda da waɗannan. Inda na rabu da iyayena shi ne kan abin da korar mai kyamara ke haifarwa. Ranar da ake iya korarsa ita ce ranar lafiya, ranar da kasuwa ke ci, shugabanni na nan, kowa na da bakin cewa a'a. Ranar tashin hankali babu mai neman izinin kowa. Wakilan kamfanonin dillancin labarai za su iso, masu waya su ɗaga wayoyinsu, a ɗauki gawa a kan titi, a ɗauki mata da yara tsugune a filin bariki, kafin magariba hoton ya zagaye duniya. Mun zama kamar maigidan da ya garƙame ƙofa: baƙon da ke sallama kaɗai ta hana shiga, mai haurowa ta katanga bai ma san da ita ba. Shi ya sa wanda ya nemi hoton Hausawan Anacha a rumbun hotunan jaridun duniya, abin da zai fara cin karo da shi na Fabrairun 2006 ne. Zaman fiye da shekara ɗari ya tattaru a hoton 'yan kwanakin gudun tsira, kuma da hannunmu muka taimaka aka yi haka.

Zaman kuwa daɗaɗɗe ne. Anacha tashar kogi ce tun kafin Samuel Ajayi Crowther da tawagarsa su kafa mishan a garin a 1857, kuma ta kogin nan fataken Igala da Kakanda da Nufawa, daga baya har da Hausawa, suka riƙa gangarowa da hajarsu. Lokacin da Kamfanin Royal Niger ya mai da Asaba hedkwatarsa, daga 1886 zuwa 1900, akwai Hausawa da yawa cikin dakarunsa. Sunayen tituna irin su Bida Road da Sokoto Road a tsakiyar gari ba a banza suka zo ba. Kafin a buɗe gadar Kwara a 1965, jirgin fito ne ke tsallakar da motoci da mutane tsakanin Asaba da Anacha. A Elele, kusa da Fatakwal, maharban giwa Hausawa sun zauna tun ƙarshen ƙarni na 19. A Inugu, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin birnin na farko a shekarun 1950, kuma ƙuri'a ce ta kai shi. Shi mun san fuskarsa domin an ɗauke shi hoto, kuma duk lokacin da aka fara cewa ɗan Arewa da Ibo ba su taɓa jituwa ba, hoton nan ake ɗagowa. Dubban da suka yi zamani da shi a rumfuna da zangon shanu kuwa sun wuce, ba mu da fuskar ko kaɗan daga cikinsu.

Abin da nake takaicin ɓacewarsa ba wani abin mamaki ba ne, abin da ke faruwa ne da safe. Mota ta kwana a hanya daga Arewa ta iso, 'yan dako sun jeru, ana sauko da kwalayen banda ɗaure da igiya, kowane kwali da alamar mai shi a gefe, wani harafi biyu, wani zanen da dillali kaɗai ya san na wane ne. Dillalin na tsaye da ɗan littafinsa da ya sha maiƙo yana rubutu. Wata 'yar kasuwa Ibo, jakar kuɗi ɗaure a ƙugu, ta sa wuƙa ta yanke igiya, ta zura hannu can ƙasan kwalin, ba ta kula na sama ba, ta zaro kifi ɗaya ta karya shi biyu, ta shinshina, ta duba ko ƙwaro ya shiga. “Alhaji, wannan bai kai na wancan makon ba,” in ji ta, da Hausar da ta koya a nan bakin kogi. Shi kuma ya mayar mata da harshen Ibo yana kiranta Mama, a ɗan ja, a yi dariya, a daidaita. Ta sa a ɗaukar mata kaya ba ta ba da ko sisi ba, sai ta sayar. Babu takarda, babu sa hannu, babu lauya. Wannan amanar ita ce ainihin labarin Ose Okwodu. Ita ke ɗora tukunya a Anacha da Maiduguri a rana guda, kuma ita ce ba ta da hoto.

Kada a ce ai kullum tana nan, me za a adana. Cinikin kifin tafkin Chadi da muke gani kamar ba zai taɓa tsayawa ba, rikicin Boko Haram ya durƙusar da shi, aka yi shekaru ana fama da hanin da sojoji suka sa kan safararsa. Babbar kasuwar Anacha da ake alfahari da ita an ragargaza ta a yaƙin basasa, mai son ganin yadda take a da sai a hoto. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna abin da kogin zai iya yi wa na gaɓarsa. A Oktoban 2019 wata tankar mai ta faɗi a Upper Iweka, wuta ta bi magudanar ruwa ta ci shaguna har cikin kasuwar Ochanja.

Don a gane irin mai kyamarar da nake karewa, bari in kawo mutum ɗaya wanda asalinsa ba shi da nisa da nan. George Osodi ɗan Ogwashi-Uku ne a jihar Delta, can bayan Asaba kaɗan. An haife shi a Legas a 1974, ya karanta harkar gudanar da kasuwanci a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya yi aikin banki, sannan ya ajiye ya rungumi kyamara. Ya fara da jaridar Comet a Legas a 1999, daga nan ya koma kamfanin dillancin labarai na Associated Press, inda ya yi aiki har 2008. Aikin jarida aikin gaggawa ne: a ji abu ya faru, a ruga, a ɗauka, a aika, gobe a wuce wani wuri. Osodi bai tsaya a nan ba. Daga 2003 zuwa 2007 ya yi ta komawa yankin Neja Delta, inda aka fara samun man fetur a Oloibiri a 1956, yana shiga ƙauyukan da sai da kwalekwale ake isa.

Wanda ya kalli hotunan zai gane salon mutumin. Launinsa mai ƙarfi ne, jan harshen wutar gas da baƙin hayaƙi da koren daji, har kyawun hoton ya jawo ka kusa kafin ka ankara cewa masifa kake kallo. Amma ba ya barin masifar ta haɗiye mutumin da ke ciki. Akwai matan da ke shanya rogo a gefen bututun da ke ƙona gas dare da rana, domin zafin na busar musu da shi da sauri. Ba kuka suke yi ba, aiki suke yi, kuma hoton ya haɗa dabararsu da haɗarin da suke ciki wuri ɗaya. Akwai yaron Ogoni da ya ɗaga kai, baƙin hayaƙi ya rufe samaniya a bayansa. Akwai 'yan bindigar yankin cikin jiragen ruwansu, fuskoki a rufe. Wannan na ƙarshe ya kamata masu tsoron a gane su su lura da shi: mutanen da gwamnati ke nema ruwa a jallo sun bar shi ya ɗauke su, hoton ya faɗi abin da zai faɗa, fuska kuwa ba ta fita ba. Irin wannan yarda ba a samunta a ziyarar yini ɗaya.

An nuna waɗannan hotuna a 2007 a Documenta, babban baje kolin fasaha da ake yi duk shekara biyar a birnin Kassel na Jamus, sannan suka fito a littafi a 2011. Daga nan ya juya ga sarakuna, yana bin fadoji yana ɗaukar su cikin cikakkiyar shigarsu: marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, Sarkin Katsina Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, har da Obi na Anacha, Igwe Alfred Achebe. An nuna aikin a Landan a 2013, da gidan tarihi na Newark a Amurka a 2015. A ganina amsa ce ga tsofaffin hotunan zamanin Turawa. Hoton Oba Ovonramwen na Benin da aka fi sani shi ne wanda Jonathan Adagogo Green, ɗan Bonny, ya ɗauka a 1897 a cikin jirgin da aka ɗauke shi zuwa Kalaba bayan an tuɓe shi, sarki a hannun masu gadi. Osodi ya ɗauki sarakuna a gidajensu, kan karagarsu, a yadda suka zaɓa a gan su. Babu yadda za a yi mutum ya ɗauki Sarkin Kano a fada bai bi ta hannun fadawa ba, bai jira ba, bai tuɓe takalmi ba. Ladabin nan da ake yi wa sarki kafin a ɗaga kyamara, mai albasa ma ya cancance shi, kuma mai aikin kirki ya san haka ba sai an gaya masa ba.

To, ba ya samun kuɗi da hotunan? Yana samu. Sana'a ce, kuma ba zan ɓoye ba cewa hoton da aka rataya a gidan baje koli a Turai yana iya yin tsadar da matar da ke cikinsa ba ta taɓa riƙe irinta ba. Wannan rashin daidaito ne na gaske, ya kamata ya riƙa hana duk mai wannan aiki sakewa. Amma a tambaya: da ba a ɗauka ba, me matar za ta samu? Gas ɗin zai ci gaba da ci, ba kuma wanda zai gani. Hoto ba ya kwashe man da ya malala, sai dai yana hana a ce ƙarya ake yi. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni, waɗanda malalar mai ta 2008 ta kashe musu kamun kifi, bidiyon bututun da ya fashe na cikin abin da masana suka duba suka nuna man da ya zuba ya ninka abin da aka faɗa da farko. A Janairun 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya su fam miliyan 55. Mu fa? Duk bayan rikici shugabanninmu kan nemi diyya, kamar yadda haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta yi lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Tambayar farko da ake yi wa mai neman diyya ita ce, me ke wurin kafin a ƙona? Hoton toka ba ya amsa ta. Hoton ranar lafiya ke amsawa, ranar da rumfa ke cike da buhuna, mai ita zaune a bakinta.

Wani zai ce Osodi ba namu ba ne. To ga tamu. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce, ta karanta aikin jinya a jami'ar garinsu, ta yi digiri na biyu kan kiwon lafiyar al'umma a Landan. Ta dawo ta tarar duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bom da sansanin gudun hijira. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, ta shiga gari da kyamara: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar salla, har da su 'yan gudun hijirar, amma a matsayin mutane masu bakin magana. Ba ta ɓoye ɓarnar ba. Salonta shi ne ta tsaya ta yi hira da mutum, ta sa abin da ya faɗa a ƙarƙashin hotonsa, ta yadda mai kallo ba zai tsaya ga tausayi kawai ba, sai ya saurara. Ina ganin horon jinya ya taimake ta a nan, domin ma'aikaciyar jinya ta saba tambayar mutum kafin ta taɓa shi. Manyan kafafen labarai na duniya sun ɗauki aikinta, kuma Maidugurin da suka nuna ta hannunta ba ita ce wadda suka saba nunawa ba. Da mutanen garin sun kore ta suna cewa asirinsu za ta tona, da hoton Borno ya tsaya kan gawa da ƙonannun motoci.

Akwai kuma masu cewa yanzu kowa na da waya, me ya rage wa mai kyamara? Gaskiya ne yaran kasuwa na ɗaukar kansu kullum. Amma hoton waya tare da wayar yake mutuwa, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Wanda ya tsira kuwa yawo yake yi ba suna, ba wuri, ba rana. Irin wannan hoton shi ne abin tsoro na gaske. Binciken da BBC ta yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya gano cewa cikin munanan hotunan da aka yaɗa a Facebook da sunan kisan da aka yi a jihar, akwai wanda daga Kongo ya fito, an ɗauke shi shekaru kafin rikicin. Mutane sun gani, zukata sun harzuƙa, an tare hanya an kashe matafiya. Mai aikin da nake magana a kai yana sa sunansa a jikin hotonsa, ya rubuta inda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka. In ya yi ƙarya akwai wanda za a riƙe. Yana kuma da haƙurin da mai waya ba shi da shi. J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya fara da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya shafe shekaru tun daga 1968 yana bin kitson matan Nijeriya, sau da yawa daga ƙeya yake ɗauka, har ya tara kusan dubu. A lokacin kitso na kan kowace mace, ba kowa ne zai ga dalilin adana shi ba. Kwana nawa yake yi a kai kafin a tsefe shi? Ojeikere ya rasu a 2014, kitson nan kuwa yana nan a hotunansa, ana kallo ana kwaikwaya.

Ko hoton da aka ɗauka da wata manufa daban, zamani kan juya shi. Tsakanin 1910 da 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta turo wani masanin al'adu, Northcote Thomas, yankunan Awka da Asaba, maƙwabtan Anacha ta gabas da ta yamma. Ya ɗauki hotuna masu ɗimbin yawa, wasu a yanayin da ba na mutuntawa ba, mutum an ɗauke shi ta gaba da ta gefe, ga lamba an riƙe a saman kansa. Bayan fiye da shekara ɗari, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Paul Basu suka kwafo hotunan daga ɗakunan ajiya na Ingila suka mayar da su garuruwan da aka ɗauke su. Mutane suka riƙa gano kakannin kakanninsu, domin a wurare da dama ya rubuta suna da gari. Ban kawo wannan don in wanke Thomas ba. Na kawo shi ne don a ga cewa jikokin waɗanda aka ɗauka suna da abin riƙewa a hannu, jikokin fatakenmu da suka ratsa gaɓar nan a waɗannan shekaru kuwa sai labarin baka, shi ma yana tafiya da masu ba da shi.

Ba ina cewa duk wanda ya zo a tsaya masa ba ne. Roƙona shi ne a ajiye kora a ɗauki sharaɗi. Wanda ya zo da gaskiya zai fara da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, ya faɗi sunansa da wanda yake yi wa aiki da inda hoton zai je. Zai yi ta zuwa yana zama a teburin mai shayi, kyamara na cikin jaka, har a saba da shi. Wanda ya ce a'a, magana ta ƙare, ba naci. Mace ba a ɗaukarta sai da yardarta, yaro sai da ta mahaifinsa ko ubangidansa. Inda fuska ko lambar rumfa za ta jawo wa mutum haɗari, hannu da mudu da kwali sun isa su ba da labari. Ɗan dakon da ba ya so a gan shi ba riga, a jira shi ranar Juma'a ya fito da wankakkiyar shaddarsa da hula, a ɗauke shi a hanyar masallacin Bida Road, domin a haka gidansu suka san shi, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sannan a wanko hoton a kawo wa mai shi. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa a sallame shi, ina bayan masu sallamar.

Mafi alheri ma shi ne mai kyamarar ya fito daga cikinmu. A Kano akwai irin su Sani Maikatanga, waɗanda suka shafe shekaru suna ɗaukar hawan salla da rayuwar gari, har kowa ya san sana'a ce mai mutunci. A unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal da Inugu akwai samarin da a nan aka haife su, suna jin Hausa da harshen gari da Turancin kasuwa, sun san wanda ake durƙusa wa a gaishe shi, sun san lungun da ba a ɗaga waya. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ke iya haɗa kuɗin kai mara lafiya gida ko belin ɗan'uwa tana iya sayen kyamara ɗaya, ta tura yaro ɗaya ya koyo aikin, a ware durowa a ofishin Sarkin Hausawa inda za a riƙa ajiye hotuna da bayaninsu. Dattawan da suka dawo bayan 1970 suka sake kafa rumfuna daga babu, waɗanda suka rage cikinsu duk sun haura saba'in. Da su za a fara, kowanne a inda ya saba zama, a rubuta sunansa da garinsu da shekarar da ya sauka Anacha da hajar da ya fara da ita, a wanke hoton biyu, ɗaya a durowa, ɗaya a ba shi ya aika gida.